Sauya tsofaffin fitilun dandamali da na LED: jagora ga masu kula da ɗakunan taro a Kebbi

Wanda ya taɓa tsayawa kan dandamali a Birnin Kebbi cikin watan Afrilu, zafin gari ya haura digiri 40, ga fitilun halojin goma sha biyu suna gasa masa fuska, ba sai an yi masa dogon bayani kan amfanin fitilar LED ba. Zufar da ta jiƙa masa babbar riga ta isa hujja. Abin da ba kowa ya gane ba shi ne, aikin ya wuce a cire wannan a maƙala waccan. Tsohuwar fitilar halojin ƙwai ne da madubi a cikin gwangwani, yawan wutar da aka tura mata shi ke rage haskenta ko ƙara shi. Fitilar LED kuwa na'ura ce mai 'yar kwamfuta a ciki, tana son wuta tsayayya ta waya ɗaya, umarni kuma ta wata waya daban. Yawancin asarar da ake tafkawa a ɗakunan taro na makarantu da ma'aikatu da wuraren biki daga rashin sanin wannan take tasowa. Sauran kuma namu ne na gida: zafi, ƙurar hunturu, da wutar da ba ta zama wuri ɗaya.

Fara da ƙirga abin da ke rataye

Kafin ka kira dila a Kano ko Legas, hau tsani da littafi a hannu. Rubuta kowace fitila: irinta, wat nawa take ci, nisanta da wurin da take haskawa, da aikin da take yi. A yawancin ɗakunanmu iri huɗu za ka tarar. Akwai PAR 64, dogon gwangwanin nan mai ƙwai na wat 1,000, wanda ake rufe bakinsa da ledar launi. Akwai Fresnel, mai gilashi da zobba-zobba, wat 650 ko 1,000 ko 2,000, haskenta mai taushin gefe, ita ake sa wa fuska. Akwai furofayil mai dogon hanci, wadda ke yanka haske da kaifi ta ware mutum ɗaya ko mumbari. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Source Four ta kamfanin ETC na Amurka, da ta fito a 1992, ƙwanta wat 575 ko 750. Sai masu faɗin baki da ke wanke bangon baya ko labule da haske.

Gurbin da ka rubuta aikin fitila shi ya fi kowanne muhimmanci, don shi za ka riƙe a kasuwa. Ba fitila ashirin za ka nema ba. Za ka nemi abin da zai haska fuska daga mita takwas, da abin da zai rina bango shuɗi, da abin da zai fito da kafaɗun masu rawa ta baya.

Daga nan sai lissafi, wanda shi za ka ajiye gaban shugaban makaranta ko Alhajin da ke da ɗakin. A ce fitilu 24 ne, kowace wat 1,000. Kilowat 24 ke nan, wato kusan amfiya 104 a kan bolt 230. Idan aka maye su da LED 24 masu wat 150, jimilla kilowat 3.6, kusan amfiya 16. Janaretan dizal yakan sha kusan lita 0.3 a kan kowane kilowat ɗaya na awa guda. Taron awa huɗu da duk fitilu a kunne zai ci wajen lita 29 a tsohon tsari, lita 4 da ɗoriya a sabo. Ba kullum ake kunna su duka har ƙarshe ba, amma rata ce da ba ta ɓuya. Akwai kuma ribar da ake mantawa da ita. Kusan duk wutar da halojin ke ci zafi take komawa a cikin ɗakin. Kilowat 24 ya kai zafin da sai esi mai doki ɗaya guda tara sun haɗu kafin su kashe shi. Wato wasu na'urorin sanyaya ɗakin ba jama'a suke wa aiki ba, fitilu suke wa.

Abu na ƙarshe kafin ka sauko da komai: sauke manhajar awon haske a wayarka, kunna tsofaffin fitilun da dare, ka auna a wurare biyar kan dandamalin, daidai tsayin fuskar mutum. Awon waya ba cikakke ba ne, amma in da waya ɗaya ka auna tsoho da sabo, zai nuna maka ko an ci gaba ko an koma baya.

Wace za a fara cirewa

Ra'ayina a nan ba ya rawa: fara da fitilun launi, ka bar na fuska sai ƙarshe. Dalilin yana cikin ledar launin kanta. Leda ba ta ƙirƙirar shuɗi, tare sauran launuka take yi ta bar shuɗin ya wuce, kuma mai duhun shuɗi ba ta barin ko kashi 5 cikin 100 na hasken ya fita. Kana biyan kuɗin wat 1,000 kana samun ɗan tsiririn haske, ledar kuma tana ƙonewa ta kode. LED tana haifar da shuɗinta ne kai tsaye, shi ya sa ƙarama mai wat 100 take iya kunyata PAR 64 a wannan fage. A farin haske kuwa labari ya juya. Fresnel mai wat 1,000 tana ba da fari mai cika da ɗumi wanda LED mai araha ba ta kama ƙafarsa.

Don haka zangon farko bangon baya da fitilun da ke bayan 'yan wasa. Na biyu na gefe da na sama. Na uku, in kuɗi ya samu, na gaba. Ɗakin da ya tsaya a zango na biyu na tsawon shekara biyu bai yi laifi ba, ya riga ya sauke babban kaso na nauyin wutarsa, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Fata, shadda da lalle

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma nan ne ba a gyarawa sai da sabon kuɗi. Fitilar da aka fi tallatawa a kasuwa mai launi uku ce: ja, kore, shuɗi. In an haɗa ukun ido yana ganin abu kamar fari a bango, amma farin nan da giɓi a cikinsa, babu ruwan goro, babu ja mai zurfi. Baƙar fata da wankan tarwaɗa kuwa da waɗannan launukan suke sheƙi. In babu su sai fuska ta yi toka-toka, wani lokaci ta ɗauki kore kamar mai jinya. Amarya ta sha lalle da kwalliya tun safe, ta hau dandamali ta fito a hoto kamar ba ita ba, a zagi mai hoto alhali laifin na fitila ne.

Ga fuska, nemi ɗaya cikin biyu. Ko dai fitila mai farin haske zalla, mai ɗumi, wadda aka rubuta mata 3,200K a ma'aunin launin haske, daidai da launin halojin. Ko kuma mai launi biyar zuwa sama, wadda ta ƙara da fari da ruwan goro, wasu har da ruwan lemun tsami. Duba takardarta ka ga lambar CRI, ma'aunin yadda fitila ke nuna launi na gaskiya. Kada ta gaza 90. Akwai wata lamba da ake ɓoyewa, R9, wadda ke auna ja kaɗai. Fitila na iya cin 90 a CRI ta faɗi warwas a R9, kuma ita ce ta shafi fata. In ta kai 50 ta yi, in ta haura 80 ka samu ta ƙwarai. Ɗakin da gidan talabijin ke zuwa ɗaukar shiri ya nemi lambar TLCI ma, ita ce ta kyamara.

Ɗakunan da ake taro da rana tagogi a buɗe, irin na yawancin makarantun sakandare, hasken waje yana wajen 5,600K, ya fi na halojin fari nesa ba kusa ba. Su fitilar da ake iya juya farinta daga mai ɗumi zuwa mai sanyi ta fi dacewa da su.

Takarda dai takarda ce. Sayi biyu kawai a matsayin gwaji, ko ka je shagon da kanka da kayan gwajinka: mutum baƙi, mutum fari, farar shadda mai aiki, jar atamfa. Ka ce, "Alhaji, a kunna mini ita in gani a jikin mutum." Dilan da ya yarda da kayansa ba zai ƙi ba. Sa hannunka a gaban hasken ka dubi inuwar a bango. In gefenta ya rabu ja da kore da shuɗi, ƙwayoyin fitilar a warwatse suke, kowane launi da gurbinsa. Wannan ta bango ce, ba ta fuska ba. Wadda launukanta ke haɗe a ƙarƙashin gilashi ɗaya, ko mai ƙwaya ɗaya babba da ake kira COB, inuwarta ɗaya ce tsaf.

Sauran gwaje-gwajen shago

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. An rubuta 54×3W, ka lissafa ka samu wat 162, amma in ka sa mitar awon wuta sau da yawa abin da take ja bai kai haka ba ko kusa. Je da ƙaramar mita mai shiga soket, ka kunna duk launuka har ƙarshe ka karanta.

Sa a haɗa ta da kwantirola, na'urar da ke ba fitilu umarni, ka ja maɓallin a hankali daga kashi 10 zuwa sifiri. Mai kyau za ta lafa sannu a hankali har ta mutu. Maras kyau za ta riƙa saukowa tsalle-tsalle, ta zo kashi 3 ta ɗauke fat ɗaya. A wurin biki ba wanda zai kula, amma a wasan kwaikwayo, inda ake son dare ya shigo a hankali bayan an yi wa jarumi rasuwa, wannan ɗaukewar tana kashe fage gaba ɗaya.

Rage hasken zuwa kashi 20, ka ɗauke shi da kyamarar wayarka, musamman a tsarin ɗaukar hoto mai tafiyar hawainiya. LED ba ta rage haske yadda halojin ke yi. Kunnawa da kashewa take yi da sauri ƙwarai, sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa. Ido ba ya gani, kyamara tana gani, sai ka ga baƙaƙen layuka suna gangarowa a hoton. Yau babu taron da ba a watsa shi a Facebook ko TikTok, don haka fitila mai wannan ciwon ba ta da wuri a gaba.

Kasa kunne ga fankarta. Ɗaya a cikin hayaniyar kasuwa ba ta da ƙara, amma ashirin a ɗakin da ake musabaƙar Alƙur'ani kowa ya yi tsit, za a ji su. Duba kuma iyakar zafin da aka rubuta mata. Yawanci digiri 40 ne ko 45, kuma ƙarƙashin rufin kwano a Jega ko Argungu cikin bazara an wuce nan tun hantsi. Gangar jikin alminiyom mai haƙarƙari tana fitar da zafi fiye da ta roba. Ga aikin fili, kamar daren al'adu lokacin bikin kamun kifi na Argungu ko Uhola a Zuru, sai mai lambar IP65, wadda ƙura ba ta shiga, yayyafi ba ya cutar da ita. Ni ko a cikin ɗaki na fi son ta, saboda yawancinsu ba su da ramukan da ke zuƙo ƙura.

Faɗin haske ma a lissafa shi. Daga nisan mita 8, fitila mai kusurwar digiri 15 tana zana da'ira mai faɗin mita 2, mai digiri 25 mita 3 da rabi, mai digiri 40 kusan mita 6. Kuma duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin haske yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya sayi mai digiri 40 ya rataye ta a ƙarshen dogon ɗaki, silin da bango zai haska.

In ka gamsu, sayi duka a lokaci ɗaya daga kaya ɗaya, da rarar biyu ko uku. Fitilu masu suna ɗaya da aka ƙera a lokuta daban sukan bambanta a launi, kuma bayan shekara ba lalle ka sake samun irinta ba. Tambayi ko ana samun allon wutarta da fankarta daban, don su ne ke fara mutuwa, ba ƙwayoyin hasken ba. In kuma ma'aikata ce za ta bayar da kwangila, kada a rubuta "fitilun LED guda 24" kawai a takarda. A rubuta wat na gaskiya, CRI, kusurwa, lambar IP, da sharaɗin gwaji kafin biya. In ba haka ba ɗan kwangila zai kawo mafi araha, kuma araha ba ta ado.

Wuta: raba ta da dima

Tsofaffin fitilun suna shan wuta ne ta akwatin dima, wanda ke datsa wutar gunduwa-gunduwa don rage haske. Kada ka soka fitilar LED a layin dima, ko da an tura shi har ƙarshe. Wutar da ke fita daga nan ba lafiyayya ba ce, allon wutar fitilar zai yi ta wahala da ita har ya ƙone, wata rana a take, wata rana bayan watanni. Kira ƙwararren mai aikin lantarki ya cire layukan da za a ba LED daga dima, ya mai da su kan breka kai tsaye. Wayoyin da ke cikin bango ba sai an canza su ba in lafiyarsu lau, tunda an ja su ne don nauyin da ya fi wannan. Amma a yi wa kowane soket alama da fenti, ja na dima, kore na wuta tsayayya, don yaron da zai zo aiki gobe bai san tarihin ba.

Yawancin fitilun LED suna da mashigar wuta da mafita, ana jona ɗaya da ɗaya. Littafin kowace ya faɗi iyakar adadin da za a jona. Kada a wuce shi, kuma a tuna fulogi mai amfiya 13 iyakarsa wajen wat 3,000. Wani abin kuma, a daidai lokacin da aka kunna su sukan fizgi wuta mai yawa na ƙiftawar ido. Ashirin a kan breka ɗaya za su iya faɗar da ita alhali lissafin wat bai kai ba. Raba su shida-shida ko takwas-takwas, a sa breka nau'in C, a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya.

Wutar layi a Kebbi, kamar Sakkwato da Zamfara, daga kamfanin Kaduna Electric take zuwa, a ƙa'ida bolt 230. Fitilun LED da yawa an yi su su karɓi daga 100 zuwa 240, don haka raguwar wuta ba ta cika damunsu ba. Hauhawa ce ke kashe su. A ginin da ke da layi uku, in wayar nutural ta saki, wuta na iya tashi ta doshi bolt 400 a wani layin, kayan miliyoyi su tafi cikin daƙiƙa. Maganin ba tsada: ƙaramar na'urar da ake ɗaurawa a akwatin breka, mai yanke wuta in ta haura iyakar da ka sa mata, a ce 250, ta kuma jira ɗan lokaci kafin ta dawo da ita. A haɗa da na'urar kariya daga tsawa saboda damina. A tabbatar wayar ƙasa tana aiki da gaske, an binne sandarta a wuri mai danshi, ba a naɗe ta a bayan akwati don ganin ido ba. Ƙasarmu takan bushe ƙamas da rani, a sa mai lantarki ya auna ta a lokacin.

Dokar janareta guda ce: a kashe brekar fitilu kafin a tayar da shi ko a kashe shi, a bar shi ya daidaita kafin a ɗora masa su. Ƙaramin janaretan fetur maras na'urar daidaita wuta kada ya kusance su. Akwai kuma matsalar da sauyin kansa ke haifarwa. Babban injin dizal da aka saya don kilowat 24 yanzu yana ɗauke da 4. Injin dizal da ke yawan aiki ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa yakan tara baƙin maiƙo a salansa, ya fara hayaƙi. Ko dai a haɗa masa esi da sauran kayan ginin, ko a nemi ƙarami. Ɗakin da ya koma LED gaba ɗaya ma yana iya ɗora fitilunsa a kan sola da inbata mai kilowat 5, muddin mai fitar da tsabtatacciyar wuta ce. Wannan abu ne da ba ya yiwuwa a zamanin halojin.

Wayar umarni

Harshen da kwantirola ke magana da fitilu sunansa DMX512, wata ƙungiyar masu fasahar wasan kwaikwayo ta Amurka, USITT, ta tsara shi a 1986. Layi ɗaya yana ɗauke da tashoshi 512, kowace tasha da daraja daga 0 zuwa 255. Kwantirola kamar sanƙira take, tana shelar tashoshin a jere, sau arba'in da wani abu a daƙiƙa, kowace fitila tana jiran a zo kan lambarta ta ɗauki nata saƙon.

Lambar da fitila ke fara saurare daga kanta ita ce adireshinta. In fitilar tana cin tasha 8, ta farko adireshinta 1, ta biyu 9, ta uku 17, ta huɗu 25. Waɗanda kake so su riƙa yin abu ɗaya kullum, ba su adireshi ɗaya. Lura da kwantirolar da ta fi yawa a kasuwanninmu, mai tasha 192: an raba ta gida 12, kowane gida tasha 16. A kanta adireshi 1, 17, 33, 49 ake bi, ko da fitilar tasha 7 kawai take ci. Rashin sanin wannan ya sa mutane da yawa sun mai da kaya lafiyayyu shago. Ga wasan kwaikwayo mai fage da yawa wannan kwantirolar ta yi kaɗan. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da manhajar QLC+, wadda kyauta ce, da ɗan akwatin da ke mai da USB zuwa DMX, sun fi ta nesa.

Wayar tana fita daga kwantirola ta shiga fitila ta farko, ta fita ta shiga ta biyu, haka har ƙarshe. Ba a yi mata reshe da wuƙa da salatif. In ana son reshe, akwai akwatin rabawa, kuma shi ma kariya ne, don in wuta ta shiga reshe ɗaya ba za ta cinye sauran ba. Kada layi ɗaya ya wuce fitila 32, kada tsawonsa ya wuce mita 300. A fitila ta ƙarshe a toshe mafitar da fulogi mai resisto na om 120 tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3. Mai gyaran rediyo zai haɗa maka shi cikin minti biyar, kuma shi ke maganin fitilun da ke ƙyafta ido ba dalili.

Kan wayar DMX mai ƙafa uku iri ɗaya ne da na makirufo, shi ya sa ake cakuɗa su. Wayar makirufo za ta yi aiki a gajeren zango, ta ci amanarka a dogo, yawanci ana tsakiyar taro. Sayi ta DMX ta asali, ka naɗa mata salatif mai launi, kada kuma ta kuskura ta shiga mikzar sauti, wadda ke iya turo bolt 48. In za a binne waya a bango, ta intanet nau'in Cat5 tana yi. Mara waya kuwa a bar ta ga inda waya ba ta kaiwa. Ɗakin da ya cika da wayoyin hannu ba wurin dogaro da ita ba ne.

Tsofaffin fitilun fuska da ka bari fa? In akwatin dimarsu yana da mashigar DMX, sa shi a layin kamar kowace fitila, ka ba shi adireshi. In tsoho ne mai aiki da bolt 0 zuwa 10, akwai ƙaramin akwatin da ke fassara masa.

Ratayewa da saiti

Haɗa komai a ƙasa tukuna, ka sa adireshi, ka gwada, ka rubuta lambar kowace a jikinta, sannan a hau da ita. Latsa ƙananan maɓallai a kan tsani mai mita shida ba aikin hankali ba ne. A rataye a bututun ƙarfe mai kaurin milimita 48 da aka ɗaure da ginin kansa, ba a jikin silin ba, kowace fitila da maɗaurinta da kuma igiyar ƙarfe ta tsaro. Wasu fitilun LED, musamman furofayil, sun fi tsofaffin nauyi, a duba kusoshin bututun. A bar aƙalla rabin mita tsakaninta da rufi ko labule. Mutum biyu ke aikin, ɗaya sama ɗaya riƙe da tsani, wuta a kashe.

Na fuska su zo daga gaba, sama da kusurwar digiri 45, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu ga kowane yanki na dandamalin. In sun yi tsaye da yawa, hula da rawani za su jefa inuwa a ido. In sun yi ƙasa, za su kashe wa mai jawabi ido ya kasa ganin takardarsa. Sa mutum ya tsaya da farar shadda ka duba ta kyamara: rigar za ta yi ƙyalli ta cinye fuskar in haske ya yi yawa. Rage na gaba, ƙara na baya kaɗan. Halojin in an rage shi yakan koma ja-ja kamar fitilar ƙwai, LED kuwa tana nan da launinta, sai fagen dare ya fito a sandare. A irin wannan fage ƙara ruwan goro da hannunka yayin da kake ragewa.

Shiga saitin kowace fitila ka duba abin da za ta yi in umarni ya yanke. Zaɓi ta tsaya a kan hasken ƙarshe. Da yawa daga masana'anta an saita su su shiga rawar launuka da kansu, kuma ba ka son wannan ya faru malam yana tsakiyar tafsiri. Ajiye fage biyar ko shida a kwantirola, ka rubuta sunansu da Hausa a kan salatif: jawabi, wasa rana, wasa dare, rawa, hoto, share ɗaki. Walƙiya mai sauri tana iya tayar wa mai farfaɗiya ciwonsa, a cire ta daga fagen da kowa ke iya taɓawa.

Bayan an gama

Ana rubuta wa LED awa 20,000 zuwa 50,000, ƙwan halojin na dandamali kuwa da yawansu awa 300 ne. Amma wancan alƙawarin na fitilar da ke shan iska ne. Ƙurar Disamba zuwa Fabrairu tana toshe ramukan iska, zanzaro yana gina ɗakinsa a ciki, zafi ya taru, haske ya ragu, allon wuta ya tafi. A sauke su sau biyu a shekara, bayan hunturu da bayan damina. A hure su da abin hura iska, a riƙe fankar da tsinke kada ta yi ta juyawa, a goge gilashin da ƙyalle mai laushi. Ban da fetur, ban da tina, don gilashin da yawansu roba ne. Bayan kowane taro a kashe brekar. Fitilar LED ko ta yi duhu cikinta a kunne yake, fanka tana zuƙar ƙura har gari ya waye.

Koya wa mutum biyu aƙalla, ka liƙa taswirar fitilu da adireshinsu a bango kusa da kwantirola. A makarantu ɗalibin da ya iya yakan kammala ya tafi da ilimin a kansa.

Tsofaffin da aka sauke kada a yi gaggawar kiran 'yan gwangwan. Ware Fresnel da furofayil masu lafiya da akwatin dima ɗaya a ajiye a sito, sauran a ba wata makaranta ko ƙungiyar wasan kwaikwayo da ba ta da ko ɗaya. In ka ga tsohuwar fitila mai waya sanye da farin abu kamar zaren auduga, mai yiwuwa asbestos ne, ƙurarsa tana illa ga huhu. Kada a kankare shi ko a yanka. A sa fitilar a leda mai kauri a ɗaure bakin, kuma kada ta shiga cikin waɗanda za a bayar kyauta.